Jamaluddin al-Afghani: Malamin da ya yaƙi ƴan Dahriyya a Indiya, ya kuma yi jayayya da Renan a Paris

Tsakanin shekarar 1881 da 1883, Sayyid Jamaluddin al-Afghani ya yi rubutu biyu waɗanda har yau masana tarihi ke muhawara a kansu. Na farko littafi ne da ya rubuta da Farisanci a birnin Haidarabad na ƙasar Indiya, inda ya ce duk al'ummar da ta bar imani da Allah ta kama hanyar rugujewa. Na biyu amsa ce da jaridar Journal des Débats ta birnin Paris ta buga da Faransanci, inda ya yarda cewa addinai, har da nasa, sun sha danne kimiyya da masu zurfin tunani.

Wanda ya karanta su a jere zai iya ɗauka mutum biyu ne suka rubuta su. Amma damuwa ɗaya ce ta haife su: ta yaya Musulmi, waɗanda Turawa ke cinye ƙasashensu ɗaya bayan ɗaya, za su karɓi ilimin da ya ba Turawan ƙarfi ba tare da sun saki igiyar da ta ɗaure su wuri guda ba?

Daga ina ya fito?

An haifi Jamaluddin wajen shekarar 1838. Shi da bakinsa yakan ce a Asadabad ta ƙasar Afghanistan aka haife shi, abin da ya sa ake kiran sa al-Afghani. Sai dai takardunsa da aka buga a Tehran a 1963, da binciken masaniyar tarihi Nikki Keddie ta Amurka, sun nuna cewa wata Asadabad ɗin ce daban, kusa da Hamadan a ƙasar Iran, kuma a gidan ƴan Shi'a ya tashi. Masu wannan ra'ayi na ganin ya ɓoye asalinsa ne saboda yawancin aikinsa a ƙasashen Ahlus Sunna ya yi shi.

Ya yi karatu a Iran da biranen ilimi na Iraƙi, inda a lokacin ake ci gaba da koyar da falsafar Ibn Sina a zaurukan malamai, alhali a yawancin ƙasashen Musulmi an yi watsi da ita. Yana saurayi ya je Indiya, daidai lokacin da Turawan Ingila suka murƙushe boren 1857. Tun daga nan ya ƙulla gaba da mulkin Ingila, kuma bai sauka daga kanta ba har ya koma ga Allah.

Daga 1866 zuwa 1868 ya zauna a Afghanistan yana ba Sarki Muhammad A'azam Khan shawara. Da Sher Ali ya karɓe mulki, sai ya kore shi. Wannan ce kora ta farko, kuma wasu na tafe.

Laccar da ta jawo masa kora daga Santambul

A 1870 yana Santambul, babban birnin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, aka gayyace shi ya yi lacca a sabuwar jami'ar da ake kira Darul Funun. Ya kwatanta al'umma da jikin mutum, sana'o'i kuma da gaɓoɓinsa, sannan ya ce jiki ba ya rayuwa sai da ruhi, ruhin al'umma kuwa ko dai annabci ne ko falsafa. Ya bambanta su, ya ce annabci baiwa ce daga Allah wadda ba a samun ta da ƙoƙari, falsafa kuma da karatu ake samun ta, mai ita yana iya yin kuskure.

Duk da haka manyan malaman birnin, ƙarƙashin Shaihul Islam Hasan Fahmi, suka ce ya jera annabci cikin sana'o'i. Aka sallami shugaban jami'ar daga aiki, shi kuma Jamaluddin aka umarce shi ya bar gari.

A 1871 ya sauka a Alƙahira, inda ya yi shekara takwas, mafi albarka a rayuwarsa. A gidansa da wuraren shan gahawa ya riƙa karantar da matasa littattafan falsafa, yana kuma zuga su su shiga aikin jarida da siyasa. Cikin waɗanda suka zauna gabansa akwai Muhammad Abduh, wanda daga baya ya zama Muftin Masar, da Sa'ad Zaglul, wanda ya jagoranci neman ƴancin ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A lokacin bashi ya yi wa Masar katutu, Ingila da Faransa sun sa hannu a baitulmalinta. Jawaban Jamaluddin a kan haka suka yi zafi, sai sabon sarkin Masar, Taufiƙ, ya kore shi a watan Agustan 1879.

Raddi ga ƴan Dahriyya

Daga Masar ya koma Indiya, ya zauna a Haidarabad. A can ya tarar da tasirin Sayyid Ahmad Khan, wanda ya kafa kwalejin Aligarh a 1875. Ahmad Khan mai imani ne, amma yana fassara Alƙur'ani ta yadda zai dace da dokokin halitta kamar yadda kimiyyar zamaninsa ta fahimce su, kuma yana kiran Musulmin Indiya da su yi wa Ingila biyayya. Abokan hamayyarsa suka laƙaba wa mabiyansa suna Necari, daga kalmar Ingilishi mai nufin halitta.

A kan waɗannan ne Jamaluddin ya rubuta littafinsa a 1881. Ya haɗa su a kwando ɗaya da ƴan Dahriyya, wato masu cewa duniya ba ta da Mahalicci, babu komai sai abin da ake gani ake taɓawa. Muhammad Abduh ya mayar da littafin Larabci da taimakon hadimin Jamaluddin, Abu Turab, aka buga shi a Beirut da sunan Ar-Raddu alad Dahriyyin. Da wannan suna ya zaga duniyar Musulmi.

Wani abin lura shi ne littafin bai ɓata lokaci sosai wajen kawo hujjojin samuwar Allah irin na malaman tauhidi ba. Ya fi mayar da hankali kan amfanin addini ga zaman jama'a. A cewarsa, addini ya dasa wa ɗan Adam aƙidu uku: cewa shi ne mafi daraja cikin halittun duniya, cewa al'ummarsa ce mafi ɗaukaka, da cewa ya zo duniya ne don ya kyautata kansa kafin ya wuce gida mafi girma. Ya kuma gadar masa halaye uku, su ne kunya da amana da gaskiya. A kan waɗannan ginshiƙai shida, in ji shi, kowace al'umma take tsaye.

Daga nan ya tambayi abin da zai hana mutum cin haƙƙin ɗan'uwansa, ya auna hanyoyi huɗu. Idan aka ce kowa ya kare kansa da takobinsa, jini zai malala, mai ƙarfi ya cinye mai rauni. Idan aka dogara da mutunci, ai abin da wani ke gani abin kunya wani bai ɗauke shi komai ba, kuma manya sukan yi ɓarna ba tare da mutuncinsu ya zube a idon jama'a ba. Idan aka dogara da hukuma, ita laifin fili kawai take gani, ba ta san abin da aka ƙulla a ɗaki ba, kuma alƙali da ɗan sanda su ma suna iya cin hanci. Saura hanya ta huɗu, wato imani da Mahalicci mai ganin komai da ranar sakamako. Ita kaɗai ce, a ganinsa, take bin mutum har inda babu mai ganin sa.

Ya bi tarihi yana kawo misalai. Ya ɗora faɗuwar Girka a kan mabiya Epicurus, ta Farisa a kan Mazdak, raunin Musulmi a kan ƴan Baɗiniyya, rikicin Faransa kuma a kan Voltaire da Rousseau. Masana tarihi na yau ba su yarda cewa dalili guda ne ya kayar da waɗannan dauloli ba, kuma Voltaire da Rousseau duka sun yi imani da samuwar Mahalicci. Amma tambayar da ya ɗora littafin a kanta, ko kyawawan halaye za su ɗore idan babu addini, har yanzu ana tafka muhawara a kanta.

Shi da Darwin

A cikin littafin ne kuma ya caccaki Charles Darwin, wanda ya fitar da littafinsa kan asalin nau'o'in halittu a 1859. Ya yi masa ba'a, ya ce bisa wannan ra'ayi ƙuma na iya zama giwa idan zamani ya yi tsawo. Ya tambayi dalilin da ya sa itatuwan daji ɗaya, masu shan ruwa ɗaya da iska ɗaya, suka bambanta da juna. Ya kuma kawo misalin kaciya: Larabawa da Yahudawa sun yi dubban shekaru suna yin ta, amma hakan bai sa ana haifar ƴaƴansu da kaciya ba.

A lokacin ba a fassara littafin Darwin zuwa Larabci ba, sai a 1918 Isma'il Mazhar ya fara fitar da wasu babuka nasa a Masar, kuma masu bincike na ganin Jamaluddin ta bakin wasu ya san Darwin. Batun ƙuma da giwa ba ya cikin abin da Darwin ya faɗa. Amma misalin kaciya ya taɓo wata matsala ta gaske. A ƙarshen shekarun 1880, masanin halittu August Weismann na Jamus ya riƙa yanke wutsiyar ɓeraye, iyaye da ƴaƴa da jikoki, ya ga duk ana haifar su da wutsiya cikakkiya. Wannan ya taimaka wajen rushe tunanin cewa ana gadon abin da ya sami jiki bayan haihuwa, amma bai taɓa ginshiƙin ra'ayin Darwin ba, wato cewa halittun da suka fi dacewa da muhallinsu su ne suka fi barin zuriya.

A hirarrakin ƙarshen rayuwarsa, waɗanda Muhammad al-Makhzumi ya tattara aka buga a Beirut a 1931, Jamaluddin ya sassauta. Ya karɓi batun gwagwarmayar rayuwa tsakanin halittu, ya ce masanan Musulmi na dā sun riga sun hango shi, amma ya tsaya a kan cewa asalin rai daga Allah yake.

Kada a ɗauka mai gaba da kimiyya ne. A watan Nuwamban 1882 ya yi lacca a Kalkata inda ya juya kan malamai. Ya ce sun raba ilimi gida biyu, na Musulmi da na Turawa, suna karanta Aristotle kamar wani shehinsu, amma da an ambaci Galileo ko Newton sai su ce kafirci ne, alhali ilimi ba shi da ƙabila, hujja kawai yake bi. Ya ce malami zai kwana yana karatu a gaban fitila, amma bai taɓa tambayar kansa dalilin da ya sa take hayaƙi idan aka cire mata ƙwai ba. A ganinsa, masu haramta kimiyya da sunan kare Musulunci su ne ke cutar da shi.

Laccar Renan a Sorbonne

A farkon 1883 ya isa Paris. Faransa ta mamaye Tunisiya a 1881, Ingila ta mamaye Masar a 1882, ana kuma gab da taron Berlin inda Turawa suka tsara yadda za su raba Afirka.

Ɗaya daga cikin manyan masanan Faransa a lokacin shi ne Ernest Renan, wanda ya fara karatun zama limamin Katolika ya bari, ya rubuta littafi kan Ibn Rushd a 1852, da wani kan rayuwar Annabi Isa a 1863 wanda ya fusata coci. Sun haɗu da Jamaluddin sun tattauna. Ranar 29 ga Maris 1883, Renan ya yi lacca a Sorbonne kan Musulunci da kimiyya. Ya ce Musulunci ya kasance cikas ga ilimi a duk inda ya yi ƙarfi, kuma abin da ake kira kimiyyar Larabawa na Girkawa ne da Farisawa, harshen kawai ne na Larabci. Ya ce cikin manyan masana falsafar Musulmi, al-Kindi kaɗai ne Balarabe.

Musulmi da dama sun mayar masa da martani, cikinsu har da marubucin Turkiyya Namik Kemal da limamin birnin Saint Petersburg, Ata'ullah Bayazitov, waɗanda suka musanta zargin gaba ɗaya. Amsar Jamaluddin, wadda ta fito ranar 18 ga Mayu, ta bi wata hanya daban.

Ya fara da asalin addini. Ya ce babu al'ummar da a farkon tasowarta za ta iya bin hankali tsantsa. Tsoro ya cika ta, ba ta iya gano dalilan abubuwa, don haka sai da aka sami masu tarbiyya da suka sa ta biyayya da sunan Ubangiji. Ya kira wannan kaya mai nauyi, amma ya ce da shi ne Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya duka suka fita daga duhun kai. Ya yarda cewa Musulunci ya yi ƙoƙarin danne kimiyya, ya ce Kiristanci ma ya yi haka, kuma shugabannin cocin Katolika ba su ajiye makamansu ba. Tunda Turawa sun sami hanyar ci gaba duk da haka, kuma Musulunci ya zo bayan Kiristanci da ƙarnoni, bai ga dalilin yanke ƙauna ga miliyoyin Musulmi ba.

Inda ya ƙi ba da kai ko kaɗan shi ne batun jinsi. Ya ce Larabawa ne suka ɗauki ilimin Girka da Farisa lokacin da Rum da Bizantiya, waɗanda suka fi kusa da shi, suka bar shi ya yi ƙura. Ya ce Ibn Bajja da Ibn Ɗufail da Ibn Rushd Larabawa ne kamar al-Kindi, ko da ba a yankin Larabawa aka haife su ba, domin harshe ne ke bambanta al'ummai. Idan kuwa tushen kakanni za a bi, to Faransa sai ta bar wa Italiya Mazarin da Bonaparte.

Ya rufe da cewa jayayya tsakanin aƙida da binciken hankali ba za ta ƙare ba muddin akwai ɗan Adam, kuma yana tsoron ba masu binciken ne za su yi rinjaye ba, domin yawancin jama'a ba sa son dogon nazari, kuma kimiyya duk kyanta ba ta kashe wa zuciya ƙishirwa.

Washegari Renan ya amsa da yabo, ya ce zama da Shehin ya sa ya ji kamar Ibn Sina ko Ibn Rushd ne ya dawo duniya. Amma bai sauka daga ra'ayinsa ba: ya danganta kaifin basirar Jamaluddin da kasancewarsa ɗan Afghanistan, ba Balarabe ba.

Wanne ne Jamaluddin na gaskiya?

Ba a yaɗa wannan amsa da Larabci a zamaninsa ba. Wata wasiƙar Muhammad Abduh da aka samu cikin takardunsa ta nuna cewa almajiran nasa sun ga ba ta dace da kunnen jama'a ba.

Daga nan masana suka rabu. Elie Kedourie, a littafinsa na 1966, ya ce Jamaluddin bai yi imani ba, addini makamin siyasa ne kawai a hannunsa. Nikki Keddie ta ce tafarkin masana falsafar Musulmi na dā ya bi, waɗanda suke yi wa masu ilimi magana da hujjar hankali, su yi wa sauran jama'a da harshen wa'azi. Masu kare shi kuma suna cewa da Larabci ya rubuta amsar aka fassara ta, kuma inda ya ce Musulunci yana nufin halin da sarakuna da malaman fada suka jefa Musulmi, domin a littafin Haidarabad ya ce Musulunci ya fi sauran addinai ne saboda yana neman hujja, yana kuma zargin makauniyar biyayya.

Ko wanne aka ɗauka, akwai abin da bai canza ba a rubutun biyu. A duka ya ɗauki addini a matsayin abin da ya tarbiyyantar da al'ummai ya haɗa kansu, a duka ya ɗauki kimiyya a matsayin abin da ba makawa sai an neme shi. Ahmad Khan ya ɓata masa rai ne saboda yana ganin zai raunana haɗin kan Musulmi a gaban Ingila, Renan kuma saboda ya rufe musu ƙofar ilimi da hujjar jinsi.

Jarida, taba da keji na zinariya

A Paris, shi da Abduh suka kafa jaridar Al-Urwatul Wusƙa, wadda ta fara fita ranar 13 ga Maris 1884. Fitowa 18 kawai ta yi kafin ta tsaya a watan Oktoba, bayan Ingila ta hana shigar da ita Masar da Indiya.

Bayan zama a Landan da Rasha, ya koma Iran bisa gayyatar Sarki Nasiruddin Shah, amma ba a daɗe ba suka ɓata. Ya nemi mafaka a hubbaren Shah Abdul Azim kusa da Tehran. A watan Janairun 1891 dakarun sarki suka fizgo shi daga ciki yana fama da rashin lafiya, suka kai shi iyakar Iraƙi cikin tsananin sanyi. Daga Basra ya rubuta wa babban malamin Shi'a Mirza Hasan Shirazi wasiƙa kan yadda sarkin ya ba wani Baturen Ingila ikon cinikin tabar ƙasar gaba ɗaya na shekara 50. A watan Disamba aka yaɗa fatawa da sunan Shirazi mai hana shan taba, jama'a suka bi, har matan gidan sarki. A farkon 1892 aka soke yarjejeniyar.

A shekarar ce Sultan Abdulhamid na Biyu ya gayyace shi Santambul, ya ba shi gida da albashi, amma ya kewaye shi da ƴan leƙen asiri, ya hana shi fita daga ƙasar. Ranar 1 ga Mayun 1896, wani almajirinsa, Mirza Rida Kirmani, ya harbe Nasiruddin Shah a hubbaren nan da aka fizgo malaminsa. Iran ta nemi a miƙa mata Jamaluddin, Sultan ya ƙi, amma aka miƙa wasu abokansa uku, aka kashe su a Tabriz.

Jamaluddin ya rasu ranar 9 ga Maris 1897 sakamakon ciwon daji a muƙamuƙi. Bai taɓa aure ba. A 1944 aka kwashe ƙasusuwansa zuwa Kabul, inda kabarinsa yake a harabar jami'ar birnin. A Iran kuwa har gobe Asadabadi ake kiran sa.

Abin da ya bari

Bai bar littattafai da yawa ba, almajirai ya bari. Abduh ya zama Mufti a 1899, ya yi ƙoƙarin gyara tsarin karatun Al-Azhar. Rashid Rida, wanda karanta tsofaffin kofen Al-Urwatul Wusƙa ya juya masa tunani, ya kafa mujallar Al-Manar a 1898. Daga wannan tushe ne ƙungiyar malaman Aljeriya ta Abdulhamid Ben Badis ta sha ruwa a 1931. Guguwar ta iso Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Faransa ta hannun ɗaliban Al-Azhar da suka kafa ƙungiyar Subbanu a Bamako a shekarun 1940, da Cheikh Touré wanda ya kafa Union Culturelle Musulmane a Dakar a 1953. Burinsu shi ne makarantun da yaro zai koyi addini da Larabci tare da darussan zamani a aji guda.

An sha sake buga Ar-Raddu alad Dahriyyin a ƙasashen Larabawa, amsarsa ga Renan kuwa tana nan da Faransanci kamar yadda jaridar ta buga ta a 1883. Yawancin mutanen zamaninsa ɗaya kawai suka iya karantawa. Wanda ya yi karatun allo ya kuma yi na Faransanci a yau yana iya ajiye su gefe da gefe, ya yanke wa kansa hukunci.